LAFIYA UWAR JIKI: Abin Da Ke Tanƙwara Ƙafafun Yaranmu A Jos

A makon jiya na je suna a wata unguwa cikin garin Jos. Muna zaune bisa tabarmi a ƙofar gida ana rabon goro, sai ga wani yaro da bai wuce shekara huɗu ba ya fito daga zaure yana bin 'yan'uwansa. Su suna gudu, shi kuwa yana tafe yana rangaji, ƙafafunsa sun buɗe kamar baka, in ya yi taku goma sai ya dafa bango ya huta.

Nan da nan hira ta koma kansa. Wani dattijo ya ce sanyin Jos ne ya shiga ƙashinsa. Wani ya ce a'a, gaggawar tsayar da shi aka yi tun ƙafa ba ta yi ƙwari ba. Wani kuma ya ce gado ne, haka kakansa yake, in ya girma za ta miƙe da kanta. Kawun yaron da ke zaune kusa da ni ya juyo ya ce, "Malam, ku 'yan jarida da kuke shiga asibitoci, me likitoci ke cewa?" Na ce masa, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa, amsar ta fi ƙarfin zaman suna. Amma kafin nan, don Allah a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashinsa." To, yau ga cikon alkawari.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a nan Jos ɗin aka tabbatar da amsar wannan tambaya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, kuma a jikin yaran unguwanninmu, har ya sa likitocin duniya suka sake duban abin da suka daɗe suna koyarwa. Sai dai kafin mu kai ga ƙafa, tilas mu biya ta wuya, domin can ne mafarin labarin yake.

TSOKOKI HUƊU A WUYA

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata tsoka da likitoci ke kira tayirod. Ita ce in ta kumbura mukan ce mutum ya yi maƙoƙo. A bayanta kuma akwai waɗansu 'yan tsokoki guda huɗu manne da ita, biyu dama biyu hagu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba. Su ake kira faratayirod, watau maƙwabtan tayirod. Maƙwabtaka ce kurum ta haɗa su, amma aikin kowa dabam ne.

Saboda ƙanƙantarsu an daɗe ba a san da zamansu ba. Wani masani Baturen Ingila, Richard Owen, shi ya fara lura da irinsu sa'ad da yake feɗe gawar wani karkanda da ya mutu a gidan namun daji na London cikin shekarar 1849. A 1880 wani ɗalibin likitanci a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a jikin ɗan Adam. Amfaninsu kuwa ta hanya mai ɗaci aka gane shi. Likitocin da ke yi wa masu maƙoƙo tiyata a wancan zamani sun riƙa ganin waɗansu marasa lafiya, bayan 'yan kwanaki da yin aiki, yatsunsu na ƙandarewa, jiki ya kama jijjiga, wani ma ya rasa ransa. Ashe an haɗa da 'yan tsokokin nan ne an yanke ba a sani ba. A 1925 James Collip na ƙasar Kanada ya tatso ruwan da suke fitarwa, ya nuna cewa shi ke ɗaga yawan sinadarin kalsiyam a cikin jini. Irin wannan ruwa likitoci ke kira homon, watau ɗan saƙon da wata gaɓa ke aikawa ta cikin jini zuwa ga wata. A nan za mu riƙa kiransa ɗan saƙon faratayirod.

RUMBU DA TUKUNYA

Mene ne kalsiyam? Shi ne sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai, kuma shi ke ba ƙashi da haƙori taurinsu. A jikin babban mutum akwai kimanin kilo 1 na kalsiyam, kuma kashi 99 cikin 100 yana ajiye a ƙasusuwa da haƙora. Wanda ke yawo cikin jini bai kai ko giram 1 ba.

Amma fa wannan ɗan kaɗan ɗin, rai a kansa yake. Da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi, da shi jijiyoyi ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da shi kuma jini ke daskarewa in an ji rauni. Ga shi kuma ba ya son ragi, ba ya son ƙari. A cikin kowane mililita 100 na ruwan jini, abin da ake so shi ne tsakanin miligiram 8.5 da 10.5. In ya yi ƙasa ƙwarai sai gaɓoɓi su ɗaure, maƙoshi ya shaƙe, mutum ya kama jijjiga. In ya yi sama ƙwarai sai kasala, da ƙishirwa, da yawan fitsari, da rikicewar hankali.

Mu ɗauki misalin gidan manomi. Ƙashi shi ne rumbu, jini kuma tukunya. Ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, tilas a ɗora tukunya kullum, domin yunwar yau ba ta jiran girbi. Tsokokin nan huɗu su ne maigidan da ke lura da tukunyar. A jikinsu akwai wani ma'auni da ke ɗanɗana jinin da ke wucewa dare da rana, wanda masana a birnin Boston na Amurka suka gano tsarinsa a 1993. Da zarar kalsiyam ya ɗan yi ƙasa, cikin ƙiftawar ido sai su saki ɗan saƙonsu, ya nufi wurare biyu da umarni uku.

Wuri na farko shi ne ƙashi. Mutane da yawa suna zaton ƙashi busasshen abu ne kamar sanda. Ko kusa ba haka ba ne. Abu ne mai rai, kullum ana rushe wani sashe nasa ana gina wani. Ɗan saƙon faratayirod yakan sa masu rushewar su ƙara himma, kalsiyam ya kwararo cikin jini. Watau an buɗe rumbu ke nan an ɗebo.

Wuri na biyu ita ce ƙoda. Kowace rana ƙodar babban mutum tana tace kimanin giram 10 na kalsiyam, ta mayar da kusan kashi 98 cikin 100 zuwa jini, ɗan saura ya bi fitsari. In ɗan saƙon ya iso sai ta ƙara tsuke hannu, ko ɗan sauran ma ta rage shi. An hana ɓarna ke nan.

Umarni na uku shi ma ƙoda ake ba, amma a hanji ake ganin aikinsa. Bitamin D da fatar jikinmu ke yi in rana ta taɓa ta ba ya aiki kai tsaye. Sai ya je hanta an sarrafa shi, sa'an nan ya je ƙoda an ƙarasa. Ɗan saƙon faratayirod shi ke sa ƙoda ta hanzarta wannan ƙarasawa, shi kuma ƙarasasshen bitamin ɗin ya je hanji ya sa a tsotse kalsiyam mai yawa daga abincin da aka ci. An aika kasuwa ke nan a ƙaro awo.

Da zarar jini ya koma daidai, ma'aunin nan zai ji, tsokokin su tsagaita. Shi kansa ɗan saƙon 'yan mintoci kawai yake yi cikin jini ya ɓace. Haka abin ke gudana tun daga haihuwa har mutuwa, muna barci muna farke, ba mu sani ba. Tsarki ya tabbata ga Mahaliccin da Ya tsara haka.

IN AWO YA ƘI SHIGOWA

To, yanzu mu tambayi kanmu: yaya ke nan in an aika kasuwa amma babu abin saye? Watau yaro na cin abincin da kalsiyam ɗinsa bai taka kara ya karya ba, yau da gobe, wata da watanni.

A nan ne abin da aka tsara don agajin ɗan lokaci yake zama na dindindin. Tsokokin ba sa hutawa, rumbu kullum a buɗe. Daɗin daɗawa, akwai wani kuɗin da ake biya. Ƙashi da abu biyu ake gina shi, kalsiyam da wani sinadari mai suna fosfet, kamar yadda bulo ke bukatar siminti da yashi. Shi kuwa ɗan saƙon faratayirod, sa'ad da yake gaya wa ƙoda ta riƙe kalsiyam, yana kuma gaya mata ta zubar da fosfet cikin fitsari. In abin ya daɗe sai fosfet ya yi ƙaranci cikin jini.

Ga babban mutum wannan yana kawo ciwon ƙashi da rashin ƙarfinsa. Ga yaro kuwa ɓarnar ta fi haka, domin shi gini ake yi. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, kamar wajen gwiwa da wuyan hannu, akwai guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa. Guringuntsin nan yana tohowa, kalsiyam da fosfet suna bin sa suna mayar da shi ƙashi. In kayan aiki sun yanke, toho ba ya tsayawa, amma tauri ba ya zuwa. Sai bakin ƙashin ya faɗaɗa, ya yi taushi. Yaro kuma ga shi ya fara tafiya, nauyin jikinsa duk a kan ƙafa. Sai ƙafar ta lanƙwashe, ko ta buɗe ta zama ƙafar baka, ko gwiwoyi su haɗe ta zama gwame.

Ke nan tsokokin nan huɗu ba su yi laifi ba. Aikinsu suka yi. An ba su zaɓi tsakanin bugun zuciyar yaro da miƙewar ƙafarsa, suka zaɓi zuciya. Ƙafar da muke gani a tanƙware shaidar bashin da jiki ya ci ne daga ƙashi don ya rayu. Wannan ne ma ya sa akan auna jinin irin wannan yaro a tarar kalsiyam ɗinsa bai yi ƙasa sosai ba, alhali ƙashi ya riga ya sha wuya. Don haka likita ba ya tsayawa ga awon kalsiyam kaɗai, sai ya haɗa da hoton ƙashi da waɗansu gwaje-gwajen jini.

ABIN DA AKA GANO A JOS

Wannan cuta ta laushin ƙashin yara tsohuwa ce a duniya. Wani likitan Ingila, Francis Glisson, ya rubuta littafi a kanta tun 1650. Sa'ad da masana'antu suka cika biranen Turai, hayaƙi ya rufe sama, yaran talakawa suka tashi cikin lunguna marasa hasken rana, cutar ta yi yawa har ana kiranta cutar Ingila. Tsakanin 1919 da 1922 aka tabbatar cewa hasken rana da man hantar kifi suna warkar da ita, aka kuma raɗa wa bitamin D suna. Tun daga nan likitoci suka riƙe cewa wannan cuta ta rashin rana ce da rashin bitamin D.

To, amma ina rashin rana a Nijeriya? Gaskiya ne Jos na da sanyi, domin tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku. Sai dai sanyi dabam, rashin rana dabam. Yaranmu a waje suke yini. Duk da haka ga gwame, ga ƙafar baka. Wani bincike da aka buga a 1998 kan yara 218 'yan wata 6 zuwa 35 a Jos ya sami alamun cutar a jikin kimanin 9 cikin kowane 100, alhali bitamin D na yaran bai nuna ƙaranci ba.

Tun kafin nan waɗansu sun fara zargin abinci. Farfesa John Pettifor ya ba da rahoton haka daga ƙauyukan Afirka ta Kudu a 1978, likitocin Ile-Ife kuma suka faɗi makamancinsa a 1991. Abin da ya rage shi ne gwaji na ƙeƙe-da-ƙeƙe, kuma a Jos aka yi shi. Dokta Tom Thacher, wani likita Ba'amurke da ya yi shekaru kusan 20 yana aiki a Jos, tare da abokan aikinsa da suka haɗa da Dokta Christian Isichei da Dokta Juliana Lawson da Dokta Philip Fischer da shi Pettifor, suka tara yara 123 masu fama da cutar, yawancinsu 'yan shekara uku zuwa biyar. Suka raba su kashi uku. Kashi ɗaya aka yi musu allurar bitamin D, kashi ɗaya aka ba su ƙwayar kalsiyam miligiram 1,000 kullum, kashi na uku aka haɗa musu duka biyu. Aka bi su har makonni 24.

Sakamakon ya fito a 1999 cikin mujallar New England Journal of Medicine, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. Cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kashi 19 cikin 100 ne suka kai matakin warkewar da aka gindaya. Cikin waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai, kashi 61. Waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 58. Da aka lissafa abin da yaran ke samu daga abincinsu na yau da kullum, sai aka ga bai wuce kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba. Don mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan, taron masana na duniya da ya fitar da matsaya kan wannan cuta a 2016 ya ce yaron da ya haura shekara 1 in yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari, kuma sai ya haura 500 za a ce ya wadata.

Akwai wani abu da adalci ya sa a faɗa. Yaran da ba su da cutar, waɗanda aka gwada da su, su ma abin da suke samu bai fi haka ba. Ke nan yunwar kalsiyam ta game kowa, amma waɗansu ta fi kayar da su. Masu binciken sun ga cewa cutar ta fi yawa a gidajen da wani ɗan'uwa na jini ya taɓa yin ta, saboda haka dattijon da ya ambaci gado bai yi kuskure ɗungum ba. Sai dai abin da ake gada sauƙin kamuwa ne, kuma magani yana yi wa mai gadon aiki kamar kowa. Haka nan binciken baya ya nuna cewa kalsiyam da bitamin D cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi: yaron da kalsiyam ya yi wa ƙaranci yana cinye bitamin D nasa da sauri, ya kuma fi bukatarsa. Don haka a yau likitoci duka biyun suke haɗawa wajen magani.

Ba a tsaya nan ba. Sanin cewa ba kowane uba ke iya sayen ƙwayoyi na wata shida ba, sai aka nemi abu mai araha. A wani gwaji da aka buga a 2015, yara 96 a Jos aka raba biyu, rabi aka ba su garin dutsen alli da aka auna, rabi aka ba su garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, kuma duka ɓangarorin biyu ƙashinsu ya warke. Wani gwajin na 2016 ya nuna cewa miligiram 1,000 a rana ya fi 500 saurin warkarwa, amma 2,000 bai fi 1,000 ba. Har ila yau, ma'aunin maki 10 da likitoci a ƙasashe da dama ke amfani da shi wajen auna tsananin cutar daga hoton gwiwa da wuyan hannu, daga hotunan yaran Jos aka tsara shi, aka buga a shekarar 2000. Wannan abin alfahari ne. Amma abin kunya ne a ce duniya ta ƙaru da iliminmu, mu kuwa yaranmu na nan suna dafa bango.

LAIFIN TUKUNYA

Me ya sa abincin yaranmu ya rasa kalsiyam? Muddin jariri yana shan nonon uwa, yana samun kalsiyam mai sauƙin shiga jiki. Matsalar takan fara ne daga yaye. Da safe koko, da rana kunu ko fate, da dare tuwon masara. Ciki ya cika, uwa ta ga ɗanta ya ƙoshi. Amma masara da dawa da shinkafa kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Bugu da ƙari, a cikin dusar hatsi akwai wani sinadari da ke ɗaure ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai, ya hana hanji tsotse shi.

Abin takaici shi ne wannan na faruwa a ƙasar shanu. Tun 1924 aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom, kuma kowace safiya muna ganin matan Fulani da ƙoren nono a ka suna ratsa unguwanni. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, mai cin mililita 250, yana ɗauke da kimanin miligiram 300 na kalsiyam. Watau kofi ɗaya tak a rana, in aka ɗora bisa 200 ɗin da yaro ke samu, ya kai shi gaci. Amma a gidaje da yawa fura da nono ta maigida ce, yaro sai ɗan abin da ya rage a gindin kwano.

Na san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, ba kuma kowa ke iya sayen nono kullum ba. To, akwai waɗansu hanyoyin. Ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙaya, a daka su lukui a riƙa barbaɗawa cikin abincin yaro. Tamba, wadda ake nomawa a nan Filato, ta sha bamban da sauran hatsi, domin a kowane giram 100 nata akwai fiye da miligiram 300 na kalsiyam, kuma kununta ba baƙo ba ne a gare mu. Kuka da zogale da riɗi su ma suna da rabonsu. Jiƙa hatsi a bar shi ya yi tsami kafin a dama yana rage sinadarin nan mai ɗaurewa. A sani kuma man shanu, duk da daga nono ya fito, ba shi da wani kalsiyam na a zo a gani. A bar yara su yi wasa a rana, kada a ce don sanyi a naɗe su cikin ɗaki yini guda. Su kuma jarirai, matsayar masanan ta 2016 ta ce a riƙa ba su ɗigon bitamin D a shekararsu ta farko, sai a tuntuɓi ma'aikatan asibiti.

Ga gargaɗi da babbar murya. Kada wani ya karanta zancen dutsen alli ya je ya ɗebo dutse ko farar ƙasa ya daka wa ɗansa. Wanda aka yi gwaji da shi likitoci ne suka tantance shi suka auna. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun da ake dakawa a gida ta hallaka yara fiye da 400. Kanwa ma ba kalsiyam ba ce. Magani a hannun likita yake.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

Ba kowace ƙafar baka ce cuta ba. Yara da yawa sukan fara tafiya da 'yar lanƙwasa, ta miƙe da kanta wajen shekara 2, waɗansu kuma su ɗan yi gwame wajen shekara 3 zuwa 4 ya wuce. Abin da zai sa a tashi tsaye shi ne in lanƙwasar tana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yaro yana kukan ciwon ƙafa, ko yana yawan faɗuwa, ko ya yi jinkirin tafiya, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, ko an ga ƙulle-ƙulle jere bisa haƙarƙarinsa kamar 'ya'yan carbi, ko tsawonsa ya tsaya. In kuwa ya kai ga ƙandarewar yatsu ko jijjiga, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kuma tun yana ɗanye ake miƙe shi. Yaron da aka kai da wuri, cikin wata shida na magani ƙashinsa yakan yi ƙwari, kuma a jikin yara da yawa ƙafar takan ci gaba da miƙewa sannu a hankali yayin da suke girma, ba tare da tiyata ba. Wanda aka bari har ƙashi ya gama girma a karkace, sai dai aikin wuƙa, mai tsada da wahala. Ga 'ya mace kuwa akwai wani haɗarin a ɓoye, domin ƙashin ƙugu ma yana iya tsukewa, ranar haihuwa ta zo da doguwar naƙuda. Abin da aka yi sakaci da shi tana shekara uku, sai ya tashi tana ashirin.

Manya ma kada su ce ba ruwansu. Wanda za a yi wa tiyatar maƙoƙo ya sani likita zai riƙa auna kalsiyam ɗinsa bayan aiki saboda tsokokin nan. Mai ciwon ƙoda na dogon lokaci yakan gamu da rikicin ɗan saƙon nan, ƙashinsa ya yi rauni. Wani lokaci kuma ɗaya daga cikin huɗun takan yi ƙari ta riƙa aika saƙo ba a tambaye ta ba, kalsiyam ya yi yawa, tsakuwa ta taru a ƙoda. Wannan tiyata ke maganinsa.

KIRA GA HUKUMA

A ƙarshe ina da magana da mahukunta. Ciyar da ɗalibai a makaranta abu ne mai kyau, amma yakan sami yaro yana shekara shida, alhali ɓarnar tun yana biyu ta auku. Wurin tare ta shi ne asibitin shan magani, ranar awon yara da allurar rigakafi. A koya wa ma'aikatan lafiya duba wuyan hannu da gwiwa, a tanadi ƙwayar kalsiyam mai araha, a kuma gaya wa iyaye mata abin da za su ƙara cikin kunu. Nijeriya ta sa dokar zuba sinadarin aidin cikin gishiri a 1993, maƙoƙo ya ragu. Ingila kuwa tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu take ƙara kalsiyam cikin garin fulawa. Me zai hana mu duba yin haka ga garin da ake dama wa yaran yaye?

Alhaji, kawun yaro, ga amsarka. Sanyin Jos bai shiga ƙashinsa ba, tsayar da shi da wuri ma ba shi ne sila ba. In likita ya tabbatar wannan cuta ce, to tukunya ce ta gaza, jiki ya ɗebi rumbu. A kai shi asibiti, a bi maganin har ƙarshe ko da an ga sauƙi, a kuma duba ƙannensa, domin tukunya ɗaya suke ci.

Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.